Hujin Ƙusa a Tagar Kwandasta

Ƙadangare ake ce masa, don tun yana ƙarami babu katangar da ta gagare shi hawa, da ya girma kuma ya zama mai rufin kwano. Kullum yana saman ginin wani, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki, yana hana ruwa shiga ɗakunan mutane. Amininsa kwandastan bas ne, tare suka bar makaranta a shekara ɗaya. Kowa Kwandasta yake kiransa, har yayarsa da yake zaune a gidanta.

Wata safiya babbar mota ta taka dutse ta harbo shi, ya fasa gilashin ƙofar bas, ɓarɓashi ya shiga idon Kwandasta na dama. A asibiti aka yi masa aiki, aka ɗinke, aka naɗe. Likita ya ce sati uku cur a ɗaki: ban da rana, ban da ƙura, ban da jijjigar mota, ban da kallon waya. In ɗinkin ya saki, idon ya tafi ke nan. Ɗayan idon ma, da ya haɗu da haske sai ya kama raɗaɗi da hawaye.

Masu dubiya sun yi ta zuwa da kaya. Direbansa ya kawo rediyo. 'Yan tasha sun haɗa masa lemu har ya fara ruɓewa a kwando. Wani ya kawo ludo, ya manta mai shi ba ya iya kallon allon. Ƙadangare ne kaɗai yake zuwa ba komai, kuma abin yana cin sa. Ya tambayi ogansa, oga ya ce turare. Ya tambayi mai gyaran waya, ya ce abin jin waƙa na kunne. Matar maƙwabcinsa ta ce ya saya masa kanari a keji.

"Haba Hajiya," ya ce mata, "in kai wa wanda aka kulle tsuntsun da aka kulle?"

Ran kwana na tara ya je da la'asar. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kujerar roba, farin bango, da taga ɗaya mai kallon babban titi. Yaya ta rataya zannuwa biyu a tagar, amma ranar yamma ta huda su ta cika ɗakin da jan haske. Kwandasta yana kwance rigingine, ya rufe fuska da tawul, ƙafarsa ɗaya sai rawa take yi. Mutumin da ko a benci ba ya iya zaman minti biyar.

"Waye? Ƙadangare? Na ji ƙaurin kwalta. Yau ma hannu rabbana?"

"Ina kan tunani."

"Kwana tara kana tunani. Da kai ne likita da tuni an yi mini addu'ar uku." Ya yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba ta mutu. "Turo ƙofar. Yaya tana kusa?"

"Tana wanki."

"Gobe zan fita."

Ƙadangare ya zauna a kujerar roba. "Fita ina?"

"Aiki. Ƙarfe goma Yaya take tafiya shago. Goma da kwata motarmu take bi ta nan a zagaye na biyu. Zan sa baƙin tabarau in tare ta."

"Kai mahaukaci ne? Saura kwana sha biyu!"

"Kai ka san kwana sha biyu? Kai da kake wuni a sama iska tana kaɗa ka?" Ya ɗaga tawul ɗin kaɗan, haske ya soke shi, ya mayar da sauri. "Direba ya ɗauki wani ƙato ya riƙe masa ƙofa, amma wallahi ba wannan ne ya dame ni ba. Saurara."

Suka kasa kunne. Ta bayan zannuwan ana jin hon, da ƙarar keke, da mai tallan ruwa, da wasu mata biyu suna dariya suna wucewa.

"Ka ji? Duk suna tafiya, ni ina nan kamar buhun da aka manta a but ɗin mota. Har na fara mance kalar shagon tela na tsallake. Jiya na yi ta ƙoƙari in tuna, rawaya ne ko kore, na kasa. In na ƙara sati a haka, ba ido zan rasa ba, kai zan rasa. In ka faɗa wa Yaya, ni da kai har abada."

Ƙadangare bai iya magana mai daɗi ba, bai taɓa iyawa ba. Da zai fita Yaya ta tare shi a tsakar gida, hannunta duk kumfa.

"Ƙanena, ka yi masa magana mana. Tun jiya bai ci komai ba. Taka yake ji."

"To, Yaya," ya ce, ya kasa haɗa ido da ita.

A hanya tawul ɗin nan ne ya tsaya masa a rai. Mutum yana cikin ɗaki, kuma yana cikin tawul. In an kashe hasken tagar gaba ɗaya, aƙalla zai yaye fuskarsa, ya zauna, ya buɗe ido ɗayan kamar kowa. Ba wata kyautar kirki ba ce, amma ita hannunsa ya iya.

Ya biya wurin aiki, ya zaro ragowar wani tsohon kwano da suka cire daga rufin sito, ya yanka daidai faɗin tagar. Sai ya gwada shi yadda yake gwada kowane kwano: ya jingina shi a karkace, ya kwarara masa bokitin ruwa, ya leƙa ta ƙasa. Ko ɗigo babu. Ya ce lafiya lau.

Ruwa kuwa ta kwarin kwano yake bi, ba ya hawa tudu. A kan wani tudu, kusan tsakiya, akwai hujin tsohuwar ƙusa, bai kai ƙwayar wake ba. Ga mai rufi wannan ba huji ba ne, tunda ba ya yoyo. Idonsa ya wuce ta kansa bai ma gan shi ba.

Washegari ƙarfe tara ya iso da kwanon a ka. Ya cire zannuwan, ya fita waje, ya kafa kwanon a jikin katakon tagar, ya bi gefe-gefe yana cusa tsumma da kwali a duk wata kafa. Daga ciki Kwandasta yake ɗaga murya.

"Me kake bugawa haka da sassafe?"

"Kyautarka."

"Kyautata? Kwano?" Sai muryar ta ƙara zafi. "Na ce maka ina mutuwa don ba na ganin waje, shi ne ka zo ka rufe ni kamar kaza a akurki? Ƙadangare, kwana tara kana tunani, iyakar abin da kanka ya haifa ke nan?"

Ƙadangare ya ci gaba da aikinsa. Ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya soke guduma a ƙugu, ya tsaya a bakin titi. Gaskiya ne. Shi dai rufewa ya iya. Ya duba agogon hannunsa, tara da rabi ta wuce. Ya soma tunanin ko ya je ya tona wa Yaya, a yi wadda za a yi.

"Ƙadangare."

Ba da muryar ɗazu ba. Ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

"Ƙadangare, zo. Shigo ka rufe ƙofar. Yi sauri."

Ya shiga, ya ja ƙofar, ya saki labule. Duhu ya rufe shi ruf, don daga cikin hasken rana ya fito. Ya laluba ya taɓa ƙarfen gado.

"Dubi bango," in ji Kwandasta. "Bangon da ke kallon taga. Akwai mata tana tafiya a kai. Kanta a ƙasa."

Ƙadangare bai ga komai ba. Ya miƙa hannu ya nemi goshin abokinsa.

"Cire hannunka, ba zazzaɓi nake ba! Ga ta nan, da jan bokiti. Ta wuce. Ga mai keke."

"Ba komai a bangon nan, ɗan'uwa. Kwanta, bari in kira Yaya."

"Tsaya. Don Allah tsaya. Ni ma sai da na jima na gani. Kar ka motsa."

Ya tsaya, don bai taɓa jin Kwandasta ya roƙe shi da wannan murya ba. Yana kallon baƙin wuri, yana lissafin yadda zai gaya wa Yaya cewa ƙanenta ya taɓu. Can sai baƙin ya fara sassautawa. Bangon ya yi toka-toka. Sai wani dogon abu ya bayyana, ya sauko daga sama, da siraran layuka a ƙarshensa na ƙasa. Ya ƙura masa ido. Falwayar lantarki ce, wadda ya jingina da ita ɗazu yana gyara takalmi. A rataye take, gindinta a silin, wayoyinta suna lilo kusa da ƙasa.

Ya zauna a bakin gadon.

Titin gaba ɗaya yana cikin ɗakin. Kwaltar tana can sama a jikin silin, gidajen tsallake sun rataya daga gare ta kamar jemagu, ƙofofinsu a sama, rufinsu a ƙasa. Kuma da kala. Wani mai baro ya shigo daga kusurwar ɗaki, tayarsa tana birgima a silin, kankanar da ya ɗauko ba ta zubo ba, ya ratsa bangon ya shige ɗaya kusurwar. Ƙarar tayar tana zuwa ta bayansu, ta wajen taga, shi kuwa yana gabansu, shiru kamar kifi a ruwa.

"Rawaya ne," in ji Kwandasta a hankali. "Shagon tela. Ga shi can. Rawaya ne ashe."

"Subhanallahi."

"Dubi ƙafafunka."

Ƙadangare ya sunkuya. Sararin sama ne a ƙasan bangon, ya malalo har kan siminti, shuɗi mai laushi. Wani farin gajimare yana tafiya a kai a hankali, ya hau gefen zanin gado, ya haye yatsun ƙafar Kwandasta. Wata tattabara ta gilma ta cikinsa ta ɓace a ƙarƙashin kujerar roba. Ƙadangare ya janye ƙafarsa ba shiri, kamar zai taka abin da bai kamata a taka ba. Shekara nawa yana aiki a ƙarƙashin wannan sama, tana ƙona masa ƙeya, bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba sai yau da ta shigo ɗaki ta kwanta a ƙasa.

"Me ka sa a jikin kwanon nan?" Kwandasta ya tambaya.

"Wallahi ba komai."

Ya juya ya kalli tagar. A tsakiyar baƙin kwanon akwai ɗigon haske guda ɗaya, fari tas. Ya tashi ya je, ya shafa shi da yatsa, ya ji kaifin bakin hujin. Kunya ta kama shi.

"Huji ne. Na bar huji. Kuma na zuba masa ruwa fa, bai yi yoyo ba."

Ya ɗora babban yatsansa a kai. Nan take titi, da gidaje, da gajimare, duk suka ɗauke.

"Kai! Kai! Ɗage hannunka!"

Ya ɗage. Komai ya dawo, har da wani tsoho da ba ya nan ɗazu, yana tafe da sanda, kansa a ƙasa, bai san an kashe shi an kunna shi ba. Ƙadangare ya kalli yatsansa, ya kalli hujin da ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba. Ta nan falwaya ta shigo. Ta nan bene mai hawa biyu ya shigo, bai goge ko fenti ba.

Ihun ne ya jawo Yaya. Ta banko ƙofa, gyale a kafaɗa, jaka a hannu, hasken tsakar gida ya share bangon.

"Rufe! Yaya rufe!" suka faɗa tare.

"Me kuke yi a duhu kamar marasa gaskiya?"

"Rufe dai ki tsaya."

Ta rufe tana mita. Ta ce ta makara, ta ce shago ba ya buɗe kansa, ta ce su biyun tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an wanye lafiya ba. Tana tsakiyar wata maganar ta yi shiru. Aka ji jakarta ta faɗi. Ta karanto abin da ya zo bakinta, ta ja baya har ta bugi ƙofa, sai kuma ta matso. Ta miƙa hannu wajen bangon, wata yarinya mai koren hijabi ta bi ta tafin hannunta ta wuce.

"Wannan ai 'yar mai kanti ce," ta ce da raɗa. "Yanzu na aike ta." Ta juya hannun, ta sake juyawa. Sannan hankalinta ya dawo. "A'a. A toshe. Likita ya ce ban da haske. Ƙanena, ɗauko kwaltarka."

Ƙadangare ya laluba aljihu inda yake ajiye ɗan gwangwanin liƙi. Kwandasta ya cafke masa wuyan hannu, riƙon mai riƙe ƙofar mota.

"Yaya, kalli idona. Kwana tara ban buɗe shi haka ba. Ko hawaye babu."

"Ni ba likita ba ce."

"To kira nas ɗin da take zuwa wanke mini idon."

Yaya ta fita da waya. Suna jiyo ta tana ƙoƙarin yi wa nas ɗin bayani: a'a ba talabijin ba, a'a ba waya ba, titi ne, titinmu, a kife. Ta daɗe. Da ta dawo ta ce matar ta yi mata tambayoyi har ta gaji, daga ƙarshe ta ce in dai hasken bai kai na ɗakin jiya ba, kuma ba ya sa shi raɗaɗi, a bar shi, gobe za ta zo ta gani da idonta.

Ba ta rufe baki ba aka ji hon daga nesa, gajere biyu, dogo ɗaya. Gadon ya yi ƙara. Kwandasta ya miƙe tsaye. Ƙadangare ya san hon ɗin, ya san ƙarfe nawa ne, ya ji abokinsa ya yi taku ɗaya wajen ƙofa. Ya matsa ya tare hanya, ko da yake ya san in ta kai ga kokawa ba zai iya taɓa mai ɗinki a ido ba. Yaya ba ta san komai ba, tana tsugune tana tattara abin da ya zube daga jakarta.

Sai bas ɗin ya shigo bango.

Ya shigo a hankali, tayoyi a sama, fari da shuɗin layi, rana tana walƙiya a sabon gilashin ƙofar. Kawunan fasinjoji jere a tagogi suna kallon ƙasa. Hannun direba a waje yana kaɗawa. Ƙaton da aka ɗauka yana maƙale a ƙofa, rigarsa cike da iska. Motar ta cika bangon tun daga wannan kusurwa har waccan, inuwarta tana biye da ita a silin.

Kwandasta bai ƙara taku ba. Yana tsaye, bakinsa a buɗe, launin motar yana gudana a kan farar singiletinsa. Ya bi ta da ido har wutsiyarta ta shige kusurwa, ƙararta ta yi nisa ta bayansu.

"Shekara bakwai ina cikinta," ya ce. "Ban taɓa ganinta tana tafiya ba. Ashe haka take da kyau."

Ya koma da baya ya zauna a gadon.

"Kuma wancan ƙaton ya bar fasinja biyu a gaban tela. Suna ɗaga hannu yana kallon gabansa. Direba zai neme ni da kansa, ba sai na bi shi ba." Ya ja numfashi. "Yaya, kwana nawa suka rage?"

"Sha ɗaya, in ka cire yau."

"To ku juya mini gadon nan ya kalli bango sosai, wuyana ya fara ciwo. Kuma akwai abin da ya rage a tukunya? Yunwa nake ji."

Yaya ta tsaya kamar ba ta ji daidai ba, sai ta fita da sauri, ta manta da jakar. Ƙadangare ya kama ƙafar gadon ya ja, Kwandasta yana kai yana ba da umarni kamar ana fakin ɗin mota: kaɗan, kaɗan, dawo, ya isa.

"Yanzu fita," ya ce. "Je ka tsaya a gaban tela. Ina so in ga yadda kake in an kife ka."

Ƙadangare ya fita. Rana ta mare shi, ya tsallaka titi yana ƙifta ido, ya tsaya a gaban shagon. Daga nan tagar ba komai ba ce, guntun tsohon kwano mai tsatsa, hujin ma ba ya ganuwa. Mutane suna ta wucewa ta gabanta, kowa da abin da ya dame shi, ba wanda ya san yana ratsa ɗakin wani. Shi kaɗai ya sani, kuma sai ya rasa yadda zai yi da jikinsa. Ya gyara tsayuwa, ya sauke hannun riga, ya ɗaga hannu ɗaya sama a hankali.

Tela ya leƙo, tef a wuya. "Malam, lafiya? Wa kake gaisarwa?"

Kafin ya sami amsa, murya ta fito ta bayan kwanon, ta ratsa ƙarar motoci.

"Na gan ka! Ɗaga ɗayan ma!"